Mai Gwanjo da Waya a Baki

Rediyo ake ce mata a layin 'yan gwanjo, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai zalunce ta ba. Tun daga ƙofar kasuwa ake jiyo muryarta tana yabon riga kamar 'yar da ta haifa. Mutum zai zo wucewa da niyyar sayen igiyar shanya, ta kira shi surukinta, ta tambaye shi lafiyar mutanen gidan da ba ta taɓa gani ba, kafin ya ankara yana rungume da wando biyu yana jiran canji. Rumfarta ba ta fi ta kowa kaya ba. Dila ɗaya take iya saye, ta kwance ta, ta sayar, ta koma ta sayo wata. Bakin nan shi ne rabin jarinta.

Mijinta kafinta ne, mutum mai nauyin baki. In ya ce "to" da safe, wani lokacin sai da la'asar zai ƙara wata kalma. Maƙwabta kan yi musu tsiya, su ce da aka zo rabon magana a gidan, ita ta karɓi nata ta haɗa da nasa. Suna haya a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, da yara uku duk 'yan makaranta.

Ranar da abin ya faru, ta je ɗauko sabuwar dila daga wurin babban dillali. Aka ɗaure dilar a bayan babur, ita kuma ta matse tsakanin kayan da mai tuƙi. Hular kwano ɗaya ce, tana kansa. A wata mararraba wata motar ɗaukar kaya ta faɗo titi ba ko dubawa, mai babur ya kauce, tayar gaba ta hau yashi. Abin da take iya tunawa kawai shi ne gefen kwalbati yana tahowa wajen fuskarta. Motar ko birki ba ta taka ba.

Da ta dawo hayyacinta ta ga ƙafafun mutane sun kewaye ta. Ta yunƙura za ta ce a kula mata da dila, sai ta ji haƙoranta na sama da na ƙasa ba su san juna ba. Jini ya cika mata baki. Da hannu ta yi ta nuna kayan har wani ya gane, ya jawo su kusa da ita.

A asibiti, kafin likita ya taɓa ta an sayi kati, an sayi safar hannu, an sayi ruwan ƙari, an biya kuɗin hoton ƙashi. Kafinta ya iso da garin katako a gashin girarsa, aka yi ta miƙa masa 'yan takardu yana zuwa taga yana dawowa, har aljihunsa ya koma ba komai sai fensir.

Washegari likitan muƙamuƙi ya ɗaga hoton wajen hasken taga, ya nuna da bayan biro.

"Baiwar Allah, ƙashin ya karye wuri biyu. Ga nan kusa da haɓa, ga nan wajen kunne. Haƙora biyu sun riga sun tafi. Hanya biyu ce. Ko mu shiga ɗakin tiyata mu sa miki ɗan ƙarfe da kusoshi, ki fara cin abu mai laushi ba da jimawa ba. Ko kuma mu ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, bakin ya zauna a rufe wata ɗaya da rabi, har ƙashin ya kama kansa."

Kafinta ya ce, "Na ƙarfen nawa ne?"

Da likita ya faɗa, sai Kafinta ya cire hularsa, ya leƙa cikinta, ya mayar. Kuɗin ya fi na dila biyu.

"Zan sayar da injin," ya ce.

Injin goge katako yake nufi, wanda ya yi shekaru yana tara kuɗinsa, wanda saboda shi ne makarantu suka fara ba shi aikin benci. Rediyo ta cafke wuyan hannunsa. Girgiza kai ba ya yiwuwa, don haka ta ɗaga yatsa ta kaɗa a gaban hancinsa. Sannan ta nuna wani tire da ke gefe, wanda wayar ɗaure haƙoran ke kai.

"Ke da ko a barci magana kike yi?" in ji shi. "Wata ɗaya da rabi fa aka ce. Ba za ki iya ba, Maman yara."

Ta daɗe ba ta ji ya jera magana mai tsawon wannan ba, amma ba ta saki hannunsa ba. Ta riga ta gama tunaninta tun tana kwance. In injin ya tafi, ya koma gugar hannu, aikin makarantu ya tafi. In dila ta tafi, rumfa ta tafi. Abu ɗaya ya karye a gidan, ba za ta bari a karya na biyu don a gyara shi ba.

Da allurar kashe zafi aka yi aikin, tana ji tana gani. Likita ya yi ta zura waya tsakanin haƙoranta yana murɗawa, kamar mai gyaran keji. Da aka gama, wata nas ta miƙa mata ɗan almakashin ƙarfe, ta ce, "Anti, wannan kada ya rabu da jikinki. In amai ya taso miki, a yanke wayar nan take, kada ya shaƙe ki." Ta zura shi a igiya ta rataya a wuya.

Ta ɗauka ta zaɓi hanya mai sauƙin kuɗi, kuma haka ne. Abin da ba ta sani ba shi ne, kuɗin ƙarfe lokaci ɗaya yake zuwa a gan shi, na waya kuwa biyo mutum gida yake yi, yana tsintar aljihu kaɗan-kaɗan.

Abinci ne ya fara. Duk abin da za ta ci sai ya bi ta gurbin haƙoran nan biyu, ta ɗan siririn bututun roba. Madara, ƙwai, romon nama, ayaba da dankali da aka markaɗa aka tace. Tukunyar da ke ƙosar da mutum huɗu a gidan ba ta kai kofinta ɗaya tsada ba, kuma kofin ba ya riƙe ciki. Ko magani sai na ruwa, wanda ya ninka na ƙwaya. Injin markaɗe na matar mai gidan haya ne, ana arowa ana mayarwa da godiya, in wuta ta ɗauke kuma sai turmi da rariya. Autarta kan zauna gabanta tana kallon gwangwanin madara, ita kuma sai ta shafa ciki alamar ta ƙoshi, ta tura mata sauran. Kafin sati biyu zaninta ya fara zagaye ta har da ragi.

Ga zuwa asibiti duk mako. Babur kam likita ya hana, ko bai hana ba ita da ta ji ƙararsa a bayan katanga sai gefen kwalbatin nan ya dawo mata. Sai motar haya, zuwa da dawowa, mutum biyu. Kafinta ya zauna kan bencin asibiti tun safe har rana ta take, yana duba haɗin ƙafafun bencin don rashin abin yi, shagonsa a kulle.

Wata rana ya dawo gida da tsakar rana, rigarsa fes, ba ko ɗigon garin katako. Ta kalle shi. Ya zauna bakin ƙofa yana cire takalmi a hankali.

Magana tana fita ta tsakanin haƙora in ta daure, sai dai a dagule, kamar mai magana daga cikin tulu. Ta ce, "Bencin makaranta?"

"Sun ba wani," ya ce. "Na makara."

Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado tana kallon bango.

A kwanakin ne mai babur ya zo gaishe ta, hannunsa rataye a wuya, da 'yar ledar lemu. Ta tanadar masa faɗa mai yawa a ranta, tana ta jujjuya shi tun tana asibiti. Sai ga shi magidanci ne mai furfura a gemu, ya durƙusa a tsakar gida ya ce babur ɗin ma ba nasa ba ne, mai shi ya karɓe abinsa, yanzu zaune yake.

"Uwar ɗakina, ki yafe ni. Wallahi ban san inda motar nan ta fito ba."

Ta dube shi, ta dubi lemun da ba za ta iya ɓarewa da haƙori ba. Ta rasa inda za ta ajiye faɗan. Sai ta buga kanta da yatsa, ta ɗaga yatsu biyu.

"Hular kwano biyu," in ji Kafinta daga bakin ƙofa. "In ka koma."

"In Allah ya mayar da ni, biyu," ya ce, yana share ido da hannunsa mai lafiya.

Mai takalma, maƙwabciyarta a kasuwa, ita ta adana mata dilar a rumfarta. Da ta zo dubiya karo na biyu ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ƙawata, ba don in tayar miki da hankali ba. Mai karɓar kuɗin rumfa ya zo sau biyu. Kuma akwai wata mai kayan roba da ke ta zagaye wurinki tana auna shi da ido, har ta tambaye ni ko rufin yana yoyo."

Washegari Rediyo ta tashi da sassafe, ta yi wanka, ta ɗaura zaninta mai kyau. Kafinta ya tsaya a ƙofa.

"Likita ya ce ki huta."

"Likita zai biya haya?" ta ce ta cikin haƙora.

Ya matsa gefe, ya ɗauko mata kwalbar madararta.

Ranar farko ba ta yi daɗi ba. Jaje kam ta sha shi, layin gaba ɗaya ya zo, wasu suna ɗaga murya kamar kunnenta ne ya karye. Amma masu saye wucewa suke yi. Tana ganin mutumin da ta san da kalma uku za ta tsayar da shi, ta ɗaga riga tana kaɗawa, ya wuce bai ko waiwayo ba. Ta buga maratayin kaya a jikin ƙarfen rumfa har hannunta ya gaji. Da yamma abin da ta sayar bai kai kuɗin motar da ta kawo ta ba.

Mai takalma ta ce, "Ƙanena yana da 'yar lasifikar nan da ake naɗar murya, ta yi ta maimaitawa. Zan karɓo miki. Sai dai ni kada ki dube ni, muryata kamar ƙofar da ta shekara ba mai."

Daidai lokacin Kafinta ya iso ɗaukar matarsa. Matan biyu suka kalle shi, suka kalli juna.

"A'a," ya ce.

Kwana ɗaya ya yi yana cewa a'a. A na biyu ya shiga bayan rumfa da lasifikar, ya juya wa mutane baya kamar mai shan magani a ɓoye. Da aka rataye ta aka kunna, sai layin 'yan gwanjo ya ji wata murya mai kauri, ba hawa ba sauka, tana cewa:

"Riguna. Akwai wanduna ma. Ba su yage ba. Na duba."

Ta yi shiru kaɗan, ta sake: "Riguna. Akwai wanduna ma."

Mai takalma ta zauna a ƙasa don dariya. Rediyo ta riƙe muƙamuƙi da hannu biyu, hawaye na zuba, dariya na neman kashe ta ba hanyar fita. Kafin azahar masu dako sun haddace, suna wucewa suna cewa juna, "Na duba." Mutane suka riƙa tsayawa don su ga mai wannan talla, in sun tsaya kuwa sai ta ɗora musu riga a kafaɗa ta juya su wajen madubi. Ciniki ya ɗan motsa. Bai kai na da ba, amma ta biya kuɗin rumfa, mai kayan roba ta daina zagaye.

Matsalar tana wurin tayi. Da can a nan take cin ribarta, ta ja, ta saki, ta yi rantsuwa, ta yi barkwanci har mai saye ya ƙara da kansa. Yanzu sai yatsu, kuma mutane sun gane yatsu ba sa gardama. Wata rana wata mata mai jakar hannu ta zaɓi rigar sanyi mafi kyau a dilar, ta tambayi kuɗi, ta ga yatsun, ta ajiye rabi a kan tebur.

"Haka na saya wancan karon," ta ce, ta juya ta kama hanya.

Rediyo ta manta da wayar da ke bakinta. Ta miƙe ta ƙwala mata kira da duk ƙarfinta. Wani abu ya yi ƙas a gefen kunnenta, zafi ya tsarga mata har tsakiyar kai, kasuwar ta yi duhu ta dawo. Duk da haka ta bi matar, ta kamo hannun jakarta, ta zare rigar daga hammatarta, ta danƙa mata kuɗinta a tafin hannu. Sannan ta dawo ta zauna a kan buhu, ta kasa ɗaga kai.

Kafin gari ya waye kuncinta ya kumbura kamar an cusa mata ƙwallo. Aka koma asibiti, aka sake hoto, aka sake sayen duk abin da aka saya da farko. Likita ya duba, ya ajiye biro.

"Wa ya ce ki koma kasuwa? Waya ta saki, ƙashin ya ɗan gota, ga ƙwayar cuta ta fara shiga. Zan sake ɗaurewa, kuma sai kin ƙara sati biyu a kan na da. In kika sake yi, ba ni da sauran dabara sai tiyata."

Don a biya wannan, Mai takalma ta kwashi kayan da suka fi kyau a rumfar ta kai wa wani ɗan layin, ya saya a yadda ya ga dama. Jarin da ta ƙi a taɓa, ga shi ya koma rabi.

A barandar asibiti, tana jiran a kira ta, kuka ya zo mata. Kukan ma ba ya fita yadda ya kamata, sai ta hanci. Kafinta ya zauna kusa da ita yana juya hularsa.

"Injin yana nan har yanzu," ya ce a hankali.

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta kalle shi ido cikin ido, ta ce, "Yana nan. A nan zai zauna."

Ya gyaɗa kai. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya shiga bin gidaje, aikin da a da yake turawa ga masu koyo: ƙofar da ta sauka, kujerar da ta rasa ƙafa, gadon da ke kuka. Ya dawo da yamma da abin da ya samu, wani lokacin na madara kawai.

Ita kuma kwana uku ta yi a gida, ta koma. Amma ta sauya tsari. Ta sa Kafinta ya kafa mata sanduna uku a rumfar, ta raba kayan gida uku, kowace sanda da kuɗinta a rubuce a jikin kwali da manyan lambobi. Wanda ya taya, ta nuna masa kwali. Wanda ya sake tayawa, ta nuna masa sanda ta gaba mai araha. Wanda ya yi fushi ya tafi, ta bi shi da ido, ta danne abin da ke taso mata, ta zuƙi madararta. Wasu tsofaffin abokan cinikinta sun ce ta yi tsauri, sun koma wani wuri. Wasu kuma, musamman ma'aikata masu sauri, sun fi son haka. Riba ta ragu, amma ba wanda ya sake ajiye mata rabi.

Ranar da aka kwance wayar, ta ɗauka bakin zai buɗe kamar an cire sakata. Likita ya zare ta ƙarshe, ya ce ta buɗe. Ta yi iya ƙoƙarinta, yatsa ɗaya ya shiga da ƙyar.

"Haka yake yi," in ji shi. "Naman ya sandare. Ƙashin dai ya kama, shi ne babba." Ya ba ta 'yan siraran katakan da ake danne harshe da su, ya ce ta riƙa jera su tsakanin haƙora tana ƙara ɗaya bayan 'yan kwanaki. Haƙoran da suka fita kuwa, ya ce ana iya sa mata na roba. Ta tambayi kuɗin, ta ji, ta ce su jira, ba inda za su.

Ba ta bari an kai ta gida ba. Daga asibiti ta wuce wurin babban dillali da abin da ya rage mata ƙulle a bakin zani. Ɗakin ajiyarsa dogo ne, diloli jere har rufi, ana jin warin maganin asu. Ya yi mata barka, ya yi mata jaje, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Rabin dila?" ya ce. "Haba, 'yar'uwa. Kin san ba na fasa dila. In na fasa, wa zai sayi sauran?"

Kowace kalma sai ta ja ta kamar guga daga rijiya, muƙamuƙin na yi mata zugi. Don haka ba ta ɓarnatar da ko ɗaya ba. Ta ce shekara nawa tana saye a wurinsa. Ta ce ko sau ɗaya ta taɓa dawo masa da kaya? Ya ce ba ta taɓa ba, amma doka doka ce. Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar, ta ciro katakanta ta jera uku a baki, ta harɗe hannu.

Masu saye suna shiga suna fita, kowa sai ya rage tafiya ya kalle ta. Dillalin ya yi kamar bai gani ba, ya shiga ciki, ya fito, ya amsa waya, ya sake shiga. Can wata matashiyar mata da ta daɗe tana tsaye gefe tana latsa jakarta ta matso.

"Anti, wai rabi kike nema? Ni ma kuɗina bai kai ba. Yau ne farkona."

Rediyo ta zare katakan daga baki, ta dube ta sama da ƙasa, ta kama hannunta ta ja ta har gaban teburin dillalin.

"Ga mai sayen sauran," ta ce.

Ya dube su su biyu, ya yi dariya, ya ce ita dai ba a iya mata. Ya ƙwala wa ma'aikatansa kira su sauko da dila ɗaya daga sama. Ta ɗaga hannu ta tsayar da su. Ta bi layin a hankali tana danna kowace da gwiwa, tana leƙa abin da ya ɓullo ta kusurwa, matashiyar na biye da ita.

"Ba wannan ba," ta ce. "Waccan ta ƙasa. Kuma a gabanmu za a raba."